Kafin ka fasa tsohon silin ko rufin asbestos, ga yadda ake bi da shi

Mafi yawan mutanen da asbestos ke yi wa illa a gini masu taɓa shi ne, ba masu zama a ƙarƙashinsa kawai ba. Kafintan da ya hau ya huda silin, mai wayarin da ya fasa ya zura waya, mai gyaran famfo da ya sa zarto ya yanke tsohon bututu, leburan da aka ce ya share wajen bayan an gama rushe-rushe, su ne ke kwasar ƙurar. Allon asbestos da ke zaune lafiya lau, babu tsagewa babu mai taɓa shi, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da ka ce bari in cire shi in huta ka ɗauko guduma, ranar ce ka buɗe wa kanka da iyalinka ƙofar matsala. Shi yasa nake ganin wanda ya ji labarin asbestos ya firgita ya kira yara biyu suka farfashe silin ɗin gidansa a yini ɗaya, gara ma wanda bai taɓa jin labarin ba ya bar abinsa.

Shi dai asbestos ma'adini ne, daga ƙasa ake haƙo shi, kuma idan aka farfasa dutsen sai ya rarrabu zare-zare. Iri shida ne amma uku aka fi sani a gini, fari da ruwan ƙasa da shuɗi, kuma farin shi ne kusan duk abin da aka yi amfani da shi a duniya. Wuta bata cin sa, baya ruɓewa, gara bata cin sa, yana tare zafi, ga araha, toh kaga dole masu masana'antu su so shi, shi yasa a ƙarni na 20 aka cusa shi cikin kayan gini iri-iri ba adadi. Matsalar tana wajen zaren nan ne. Idan abin ya karye ko aka goge shi ko aka huda shi zaren yana tashi a iska, ƙanana ne sosai ido baya ganinsu, basu da wari, basa sa ka tari nan take balle ka ce wani abu ya shige ka, kuma suna iya daɗewa suna yawo a iskar ɗaki bayan ƙurar da ido ke gani ta kwanta. In ka shaƙa sai su wuce can ƙasan huhu su maƙale kamar ƙaya, jiki yayi ta ƙoƙarin narkar da su ya kasa, wajen yayi ta kumburi yana tabo shekara da shekaru.

Cututtukan da yake kawowa ba na wasa bane. Akwai asbestosis, wato huhu yayi tabo ya ƙandare har mutum ya riƙa haki daga ɗan tafiya kaɗan, wannan yawanci sai wanda ya shaƙi ƙura mai yawa na tsawon lokaci. Akwai kansar huhu. Akwai mesothelioma, kansar da ke kama siririyar fatar da ta lulluɓe huhu ko kayan ciki, ita wannan kusan duk inda aka ganta asbestos ne sila, kuma ƙura ba mai yawa ba ma tana iya jawo ta. Hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta ƙara da kansar maƙogwaro da ta ƙwan mace, kuma ta sa duka nau'ukan asbestos a rukuni na 1, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansa, har da farin da wasu ke cewa wai shi ba komai. Hukumar Lafiya ta Duniya tace sama da mutum 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙarsa a wajen aiki. Abin da ke ruɗar mutane shine jinkirin, mesothelioma kan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana, kaga yaron da ya fara aikin gini yana ɗan 18 sai ya tsufa ya ajiye aiki sannan ciwon zai taso, wa zai tuna da wani silin da ya fasa tun yana saurayi? A Birtaniya an hana shi gaba ɗaya tun 1999 amma har yanzu kusan mutum 5,000 yake kashewa a shekara, duk na ƙurar da aka shaƙa da daɗewa ne. Kuma ba sabon sani bane, tun 1955 wani likitan Birtaniya mai suna Richard Doll ya nuna alaƙarsa da kansar huhu, a 1960 kuma wani likita a Afirka ta Kudu mai suna Wagner ya haɗa mesothelioma da shuɗin asbestos, cikin marasa lafiyar da ya gani har da waɗanda basu taɓa aiki a mahaƙar ba, zama kusa da ita kawai suka yi. An kuma sha samun matan da suka kamu saboda kakkaɓe kayan aikin mazajensu da wanke su. In kuma mutum yana shan sigari ga asbestos a huhu, toh haɗarin kansar huhu ninkuwa yake yi.

Toh ina ake samunsa a gini? Na farko kwanon rufi na siminti mai tudu da kwari ɗin nan, toka-toka, mai nauyi, da allunan silin masu faɗi, da bututun ruwa da na masai na siminti, da tankin ruwa na siminti, da indararo. Sai tsofaffin tayil na roba da baƙin gam ɗin da aka liƙa su da shi, da allon da ke bayan tsohon akwatin fiyus, da wani shafe mai gurji-gurji da ake yi wa silin don ado. A manyan gine-gine irin masana'antu, asibitoci, makarantu da otal ana samun wanda aka naɗe bututun zafi da tukunyar tururi da shi, da wanda aka fesa a jikin ƙarafan gini saboda gobara. Shekarun gini suna ba da haske amma kar ka dogara da su ɗari bisa ɗari, domin kowace ƙasa da lokacin da ta hana. Ostireliya ƙarshen 2003, Tarayyar Turai 2005, Afirka ta Kudu 2008, Kanada 2018, Amurka ma sai 2024 hukumar muhallinta ta fitar da dokar hana farin. Ƙasashe da yawa kuwa har gobe basu hana ba, Rasha da Kazakistan da Sin suna haƙowa ana saye, saboda haka a irin waɗannan wuraren sabon gini ma zai iya ɗauke da shi.

Abu na farko da zaka duba kafin komai shine yanayin kayan, don su kashi biyu ne kuma bambancinsu babba ne. Akwai ɗaurarre, wanda zaren ke kulle cikin siminti ko roba, irin kwanon rufi da tayil, shi a kwanon siminti asbestos ɗin kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne, baya sakin zare sosai sai an karya shi ko an yanka ko ya tsufa ya fara zubar da gari. Akwai kuma mai marmashewa, wanda in ya bushe ka matsa da yatsa sai ya zama gari, irin naɗin bututu da feshin ƙarfe da wasu alluna masu taushi na tare wuta, shi wani ma yafi rabi asbestos ne. Wannan na biyun babu wata dabara ta gida da ta dace da shi, ka rufe ƙofa ka hana shiga ka nemo masu lasisi, shikenan. Kuma ka sani ɗaurarren da gobara ta ci ko ya ruɓe ya farfashe shima ya koma sahun mai marmashewa.

Sai gwaji. Dan Allah kar wani ya zo ya ƙwanƙwasa silin da yatsa ko ya kanga masa ashana yace maka wannan asbestos ne wannan ba shi bane, ido baya rabewa, allon siminti na zamani da ake yi da zaren itace kamarsu ɗaya sak. Ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai zai faɗa maka, su suna sa ɗan guntun a ƙarƙashin maikuroskof mai haske na musamman su ga ko akwai zaren da kuma wane iri ne. Ka nemi lab ɗin da ke da shaidar ƙwarewa ta ISO 17025 a kan gwajin asbestos ɗin kansa, ka kuma tambaye su tun farko yadda suke so a kawo samfur. Abin da yafi shine mai binciken gini da ya san aikin ya zo ya ɗiba da kansa, musamman in rushewa za a yi ko babban gyara, don shi zai leƙa har inda baka zata ba, saman silin, ƙarƙashin tayil, bayan bango. In babu halin gwaji ko kaɗan, toh ka ɗauka kawai asbestos ne ka yi mu'amala da shi a haka.

In ɗaurarre ne kuma dokar inda kake ta yarda ka ɗibi samfur da kanka, ga yadda ake yi. Ka fitar da kowa daga wajen, ka kashe fanka da AC, ka rufe taga in akwai iska, ka shimfiɗa leda a ƙasa. Ka sa takunkumin da ya dace, zan zo kansa, da safar hannu ta yarwa. Ka zuba ruwa a kwalbar feshi ka ɗiga sabulun ruwa kaɗan a ciki, sabulun ke sa ruwan ya ratsa, ka fesa a hankali wajen ya jiƙe. Sai ka nemi kusurwa ko gefen da dama ya riga ya gutsure, ka sa ɗan jiƙaƙƙen tsumma a bakin filaya ka ɓalle guntu kamar girman farcen babban yatsa, ya haɗa kaurin allon duka ba saman fentin kawai ba. Ka jefa a ledar da ke da zif ka rufe, ka sa ta cikin wata ledar, ka rubuta daga ina ka ɗiba da kwanan wata. Inda ka ɓalle ka shafe shi da fenti ko gam, ka goge filayar da jiƙaƙƙen tsumma, ka naɗe ledar ƙasa da tsumman da safar ka ɗaure. Kowane irin kaya samfurinsa daban, na silin ɗin falo baya wakiltar na rufin gareji, kuma ɓangaren da aka ƙara gina wa gida daga baya shima nasa daban.

Sakamako ya fito akwai shi, sai me? Anan ne mutane ke gaggawa. In kayan lafiyarsa ƙalau kuma yana inda ba a bugunsa ba a gogarsa, sau da yawa barinsa shine daidai. Ka rubuta inda yake, ka ɗauki hoto, ka riƙa dubawa lokaci-lokaci ko ya fara tsagewa ko ruwa na jiƙa shi, kuma duk ma'aikacin da zai shigo gidan ka faɗa masa kafin ya ɗauko kayan aiki, wannan hakki ne a kanka wallahi, don shi bai san abin da ke saman kansa ba. Haka in zaka sayar da gidan ko ka ba da haya. In ya ɗan fara tsufa ana iya shafe shi da fenti mai kauri na musamman ya danne zaren, amma ba a kankare shi ko a goge shi da sanfefa kafin fentin, kuma rufin asbestos da yayi gansakuka ba a wanke shi da injin wankin mota mai ƙarfin feshi, wannan yana ɓare saman simintin ya watsa zaren har gidan maƙwabta, in ruwan ya bushe iska ta kwashe. Tayil kuwa sau da yawa sai dai a shimfiɗa sabon daɓe a kansa a bar shi a ƙasa. Cirewa tana zama dole ne in ya lalace sosai, ko za a rushe ginin, ko gyaran da za a yi ba makawa sai ya taɓa shi.

In ka ɗauko ɗan kwangila ka nemi ganin lasisinsa a inda hukuma ke bayarwa, ka ce ya rubuta maka yadda zai yi aikin da inda zai kai sharar, kuma ya kawo maka takardar shaidar cewa can ɗin ya kai. Aikin mai marmashewa zaka ga sun killace wajen da leda kaf sun liƙe, sun sa injin da ke zuƙo iskar ciki ta matatar HEPA, mai kama ƙananan ƙura sosai, don kar ƙura ta fito waje, suna da inda suke tuɓewa su yi wanka kafin su fito. In an gama ana auna iskar wajen, kuma yafi kyau mai aunawar ya zama ba yaron ɗan kwangilar bane, ma'aunin da aka saba amfani da shi kafin a ce a koma ciki shine ƙasa da zare 0.01 a kowace mililita ta iska. Wanda ya zo maka da yara da guduma da takunkumin asibiti yana cewa oga ai mun saba, ka sallame shi tun daga bakin ƙofa.

Wasu ƙasashen sun yarda mutum ya cire ɗan kaɗan na ɗaurarre da kansa, a yawancin Ostireliya misali iyakar murabba'in mita 10 ce in ba lasisi, wasu kuma sam basu yarda ba, saboda haka ka fara bincika dokar wajenku. In ya halatta kuma ba yadda zaka yi, toh ka riƙe abu uku a ka, a jiƙe, a cire shi ɗungurungum ba a karya ba, a naɗe. Takunkumi sai mai lambar FFP3 ko P3 ko P100, wanda ke manne wa fuska ba kafar da iska zata bi. Na asibiti da na ƙyalle da ɗaura hankici duk aikin banza ne, zaren wucewa yake. Mai gemu kuma ya sani irin wannan takunkumin baya kama fuska in akwai gashi a inda robar ke zama, sai dai irin mai hula da injin hura iska, ko kuma ya bar wa wani aikin. Ka sa rigar aiki ta yarwa mai haɗe da hula, da takalmin roba mara igiya wanda za a iya wankewa. Ka zaɓi ranar da babu iska, ka gaya wa maƙwabta su rufe tagoginsu su kwashe shanya, yara su yi nisa, ka kashe wutar lantarkin wajen tunda ruwa zaka fesa.

Kar ka kusanto da duk wani inji mai juyawa, giranda ko injin huda ko zarton lantarki, yanka ɗaya da giranda yana tada ƙurar da ta fi ta shekarun da allon yayi a zaune. Ka jiƙa allon, ka kwance noti ko ka datse kan ƙusar da almakashin ƙarfe, ka ɗago allon gaba ɗayansa, mutum biyu su sauke shi da hannu ko da igiya, ba a wurgo shi daga sama, ba a ja shi a kan ɗan uwansa. Wani haɗarin da ake mantawa, tsohon kwanon asbestos baya ɗaukar nauyin mutum, yana iya ɓarkewa da kai ba gargaɗi ka faɗo, mutane da yawa ta haka suka rasu tun kafin a zo maganar ƙura, ga shi in ya jiƙe santsi gare shi. In zai yiwu a yi aikin daga ƙasa a kan sikafol, wato dandamalin da magina ke tsayawa a kai, in dole sai an hau a shimfiɗa katakai masu ƙwari a ɗaura igiyar kariya. Dattin da ya taru a indararo da ƙurar saman silin suma akwai zaren a ciki, a jiƙa a kwashe su cikin sharar. Ba ci ba sha ba sigari a wajen aikin.

Wajen shara tsintsiya haramiyarka ce, haka injin zuƙar ƙura na gida, shi ta baya yake feso zaren ya cika ɗaki kuma injin ya gurɓace kenan har abada. Jiƙaƙƙen tsumma ake bi da shi, a goga sau ɗaya a ninke a jefa a leda, ba a mayar da shi cikin bokiti, ko kuma injin zuƙa na musamman mai ajin H, wato na ƙura mai haɗari. Allunan a naɗe su da leda mai kauri kamar maikuron 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita, ninki biyu, a liƙe da salatif mai ƙarfi a rubuta asbestos a jiki ɓaro-ɓaro. In ka gama ka goge jikin rigar da tsumma mai ruwa, ka tuɓe ta kana naɗe ta ciki ya koma waje, ka sa a ledar shara, takunkumi shine na ƙarshen cirewa, sannan wanka har da wanke kai. Kar ka shiga mota ko cikin gida da kayan aikin, kar kuma ka ba kowa ya wanke maka.

Sharar sai juji da hukuma ta amince a binne irinta, ka tambayi hukumar muhalli ko ta tsaftar gari. Ba a ƙona shi, wuta bata kashe zaren, allon ma fashewa yake da ƙara ya watsu. Ba a farfasa shi a cike rami ko a zuba a hanya mota tana taka shi kullum tana niƙawa. Kuma duk da nasan yana da wuya mutum ya ga allo mai kyau ya yar, kar a sayar da shi kar a bayar kyauta a yi shinge ko akurkin kaji, matsalar kawai ka miƙa wa wanda bai sani ba. Masu tambaya kan ruwan da ya biyo ta bututun asbestos kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya bata samu hujja tsayayya cewa shan sa na cutarwa ba, haɗarin bututun yana wajen mai yanka shi ne.

In kuma aikin gama ya gama, an riga an fasa kafin ka ankara, a tsaya cak. Kowa ya fita, a kashe fanka, a rufe ƙofa, kar a share. Kayan jikin da suka yi ƙura a jiƙa su a tuɓe a hankali a ɗaure a leda, a yi wanka, sannan a ɗauki samfur a kai gwaji. Kafet da labule da katifar da ƙurar ta zauna musu sosai yawanci sai dai a haƙura da su. Kar kuma ka hana kanka barci, haɗarin yana tafiya ne da yawan ƙura da tsawon lokaci, shaƙa ta rana ɗaya daga allon siminti haɗarinta ƙarami ne duk da ba a san wani adadi da za a ce babu komai ba. Hoton ƙirji washegari ba zai nuna komai ba, kuma babu wani magani ko abin sha da ke wanke zaren daga huhu, duk wanda ya ce zai sayar maka da shi kuɗinka yake so. Ka rubuta ranar da wajen da irin aikin ka ajiye. Wanda ya yi shekara da shekaru yana aiki cikin irin wannan ƙurar ya faɗa wa likitansa ko da lafiyarsa ƙalau, ya bar sigari in yana sha, in kuma ya fara haki, ko tari da ya ƙi ƙarewa, ko ciwon ƙirji, ko rama ba dalili, ya je asibiti ya ambaci asbestos da bakinsa, domin alamun suna kama da na tarin fuka da wasu cututtukan huhu, kuma likita ba lallai ya tambaye ka aikin da kayi shekara 30 baya ba. Daga nan su ne zasu ga ko gwajin ƙarfin numfashi za a yi ko hoton CT.